Kyalla Ba Ta Sakin Nono Sai An Busa

"…ya kuma sanyi, amarya? Na ce ko dai ya ƙarasa kakkaɓe haƙoran da suka rage?"

"Sanyi lokacinsa ne, angon banza. Haƙora kuwa na duba su da asuba, har yanzu sun fi gashin gemunka yawa. Shigo da kayan tsiyarka a hankali, kada ka ɓalle mini ƙyaure."

Adnan ya karkace ya shigo, don ƙofar gidan kakarsa Jummare ba a yi ta domin mai goyon ƙarfe ba. A bayansa wata baƙar jaka ce da ta kusa kamo shi tsawo, cikinta kuwa tuba, ƙaton ƙahon tagullar nan da 'yan badujala ke rungumewa, wanda in an busa sai ka fara jin sautin a cikinka kafin ya iso kunne. Da rana Adnan gyaran waya yake yi a kasuwar Taminus ta Jos. Ranar Asabar kuwa sai ya sa farar riga da jar ɗamara ya bi ƙungiyar Oga Linus ta Anguwan Rukuba, su yi busa a bikin aure ko faretin 'yan makaranta.

To ita tuba ba a faɗa mata da ka. Kowace safiya sai mai busa ya buɗe ƙirji, ya tashi leɓɓansa daga barci, ya ɗumama ƙarfen, sannan ya bi sautuka ɗaya bayan ɗaya yana jan su. A gidansu na cikin gari maƙwabta sun jure iya jurewa, daga baya suka yi ayari suka sami ubansa. Shi ya sa tun farkon damina yake kwaso kayansa ya taho nan Naraguta, bayan gonaki, inda ba wanda zai dama sai tsohuwa ɗaya da saniya ɗaya.

Tsohuwar kuwa akwai abu biyu da ta ɓoye masa. Na farko, tun da maraƙin saniyarta Kyalla ya mutu, saniyar ta riƙe nononta. Duk wanda ya taɓa tatsa ya san sai an saki maraƙi ya ɗan tsotsa tukuna, nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure. Jummare ta ba da kanwa, ta ba da harawa, ta yi lallashi har da waƙa, duk a banza. Sai ran da Adnan ya ja doguwar busarsa ta can ƙasa: Kyalla ta miƙe kunnuwa, ta amsa da kuka, nono ya ɓalle. Tun daga ranar Jummare ba ta tsugunawa da ƙwarya sai ya zo kan wannan busar.

Na biyun ya fi na farko nauyi. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta wasu suka shige gari, wasu suka kora garke gaba neman kiwo, ba mai tura ƙyauren nan da safe sai yaron nan. Tana son zuwansa har cikin ranta. Amma tsakanin kaka da jika ba a faɗin irin wannan magana. Zagi ake yi, kowa ya fahimci sauran.

"Albishirinki," in ji Adnan, yana sauke jakar a kan tabarma ƙarƙashin rumfa.

"Goro, in labarin ya kai. In bai kai ba, muciya."

"Daga yau kin huta da ni. Oga Linus ya samo mana ɗaki a Anguwan Rukuba, bayan wani gareji. Har makulli ya ba ni. Tuba ta riƙa kwana can, ni kuma in leƙa da safe in ɗumama baki in wuce shago. Ba sauran rigima da masu Keke suna cewa ni da ita fasinja uku ne."

Gaban Jummare ya faɗi. Ta ji ƙwaryar tatsar da ke hannunta ta ƙara nauyi. Amma bakinta bai tsaya jiran zuciyarta ba.

"Alhamdu lillahi! Allah ya amshi addu'ar marainiya. Yau sai na yi sadakar waina. Kajina ma su huta, tun da ka fara zuwa a firgice suke saka ƙwai."

"Marainiya? Ke? Da shekarun nan naki? Ai ke kika nuna wa Turawan kuza hanyar Naraguta."

"Na nuna. Kuma ko su da suka haƙe ƙasar nan da injuna ba su kai ka ƙara ba."

Adnan ya yi dariya ya fita tsakar gida. Ya ware ƙafafu, ya juya wuya hagu da dama, ya girgiza kafaɗu. Sannan ya dafa cikinsa, ya ja iska ta baki har rigar sanyinsa ta ɗaga, ya shiga sakinta a hankali ta tsakanin haƙora.

"Ga shi nan, an shiga naƙuda," in ji Jummare. "Ko ni da na haifi ubanka ban yi wannan nishin ba."

"Numfashi ne, tsohuwa. Daga ciki ake jawo shi, ba daga kafaɗa ba. Oga Linus ya ce ka cika cikinka kamar yadda ake cika randa, daga gindi zuwa baki, sannan ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kada ya ƙare maka a tsakiyar waƙa."

"Cikin nan naka da malmala uku ba ta cika shi, iska ce za ta cika shi?"

"Tuwonki ne ba ya riƙe ciki. Rabi gari, rabi mita."

"Amma kullum sai ka side kwano."

"Tausayi ne. Kada a ce miji ya rena girkin matarsa."

Jummare ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune tana goge ƙwaryar da ba ta da datti. Ciki kuwa lalube take yi, ta ina za ta riƙe yaron nan ba tare da ta ce masa zauna ba.

"Wai bayan gareji ka ce?"

"Bayan gareji."

"To ka yi ban kwana da mazurarinka." Ita ba ta taɓa kiran tuba da sunanta ba, mazurari take ce mata. "Bakanikai ne fa. Su ga jan ƙarfe mai ƙyalli haka a kwance? Kafin Juma'a sun yanka shi sun yi wa tifa salansa."

"Da kwaɗo a ƙofar."

"Kwaɗo! Mutanen da ke buɗe injin mota da cokali, kwaɗo ne zai gagare su?"

"Abeg, tsohuwa, mutanen kirki ne. Ogan garejin ma shi ke buga mana babbar ganga."

"Ka ji ko? Har ya saba dukan kayanku."

Adnan ya shiga mataki na gaba. Ya saki leɓɓansa sakaka ya hura, suka ɗauki karkarwa, brrrrr, ya hau da sautin sama ya sauko da shi, yawu na feshi.

"Sannu, ingarma. Sirdi za a kawo maka ko dawa?"

"Leɓe nake tayarwa. Shi ke yin sautin, ƙarfen ƙara shi kawai yake yi. In leɓe bai farka ba, ko ka hura har ka suma, sai dai a ji kamar taya ta sace."

"Da na san aikin da za a sa leɓen nan ke nan, da ban ɓata man shanuna ina shafa maka kana jariri ba. Ni na ce malami zai zama, ya yi ta tilawa. Ashe doki na rena."

"Ke kika ce kina so na a haka. An ce ranar sunana ba wadda ta kai ki guɗa."

"Guɗa? Kuka nake yi. Na leƙa cikin zani na ga abin da aka ce wai shi ne mijina."

"Amma ba ki ce kin fasa ba."

"Ina zan kai ka? Wa zai karɓa?"

Ya cusa hannu cikin rigar sanyinsa, ya zaro bakin busa daga hammata. Wani ɗan ƙarfe ne mai kama da ƙaramin kofi da wutsiya, shi ake sakawa a jikin tuba a ɗora leɓe.

"Ni dai kullum ina so in tambaye ka," in ji Jummare, "me abin nan ya yi maka kake ɗaure shi a hammata?"

"Sanyin Jos. In na ɗora shi a baki da sanyinsa, leɓe ƙagewa yake yi. Tun daga gida nake ɗumama shi."

"Ashe shi ya sa kiɗan naku ke tashi da wari."

"Ke kin taɓa zuwa inda muke kiɗa ne?"

"Ina ruwana da zuwa? In iska ta juyo, daga nan nake jin ku, hanci ya riga kunne."

Adnan ya ɗora bakin busar shi kaɗai a leɓensa, ya fara fitar da wani siririn zugi kamar zanzaro ya faɗa kwalba. Ya hau da shi, ya sauka, ya tsaya ya lashi baki, ya sake. Akuyar gidan ta bar cin ganye ta koma bayan rumbu. Jummare kuwa ta sake ɗauko wata dabarar.

"Hayaƙi fa? Kai da ka ce numfashi ne jarinka, za ka je ka cika randar taka da hayaƙin baƙin mai. Nan kuwa iska ce ta asali, daga kan duwatsu take saukowa, ba wanda ya riga ka shaƙa."

"Iskar kashin shanu."

"Ita ta reni ubanka, ga shi can da ƙirji kamar ƙofar zaure."

Adnan ya sauke bakin busar ya ƙura mata ido. "Tsaya, tsaya. Ke da za ki yi sadakar waina, me ya dame ki da huhuna?"

"Ba kai nake ji ba. Takaba nake gudu. Na yi ɗaya, ta ishe ni."

Ta faɗe shi da wasa, amma ƙarshen maganar ya ɗan maƙale mata a wuya, sai ta yi tari ta ɗora wa hayaƙin murhu laifi, murhun da tuni ya mutu.

"Kuma ma," ta ci gaba da sauri, "can wa zai gaya maka gaskiya? Nan in ka yi kuskure ina faɗa maka."

"Ke kullum kuskure kike ji. Ko daidai na yi sai ki ce kura ta kama jaki."

"To ƙarya na yi? Ran nan har mai gadin gonar can ya fito da sanda."

"Rawa ya fito yi."

"Da sanda?"

"Irin rawarsu ke nan."

Sai a sannan ya zuge jakar ya ciro tuba. Ya zauna a kan benci ya ɗora ta a cinya, bakinta mai faɗi ya wuce kansa. Ya ɗiga ɗan mai a maɓallan, ya daddanna su da sauri har suka daina cijewa. Ya saka bakin busa, ya shiga hura iska mai ɗumi a ciki ba tare da sauti ba, don ƙarfen ya saki sanyin dare. Can ya karkata ta, ya danna wani ɗan marfi a ƙasa, ruwa ya ɗiga.

"Ga yawu nan ya zubar mini a tsakar gida."

"Ba yawu ba ne, raɓar numfashi ce."

"Raɓa daga bakinka? To bari in kawo shuka in dasa a wurin, mu ga abin da zai fito."

Tana magana tana miƙewa, don ta san abin da ke biye. Daga hura iska sai doguwar busa. Ta nufi turke, ta shafa wuyan Kyalla, ta ɗaure mata ƙafafun baya da igiya, ta wanke hantsar da ruwan ɗumi. Ta tsuguna, ta matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ta kama nonon da yatsu. Adnan ya gyara zama, ya ɗora leɓe, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka buɗe. Sai kuma ya sauke.

"Af, na manta ban gaya miki ba. Ɗakin nan fa har da fanka, kuma Oga Linus ya ce in muka…"

"Busa mana, ɗan nema!"

Jummare ta so ta kamo maganar ta mayar ciki, amma ta riga ta fita.

"Me kika ce?"

"Na ce ka busa ka gama ka ba mutane wuri."

"A'a. Ba haka muryar ta fito ba." Ya dube ta, ya dubi ƙwaryar, ya dubi saniyar. Kyalla kuwa, maras rufin asiri, ta juyo da kai ta ƙura wa tuba ido, kunnuwa a miƙe. "Me ya sa saniyarki ke kallona haka?"

"Muninka take kallo. Dabba ma tana mamaki."

"Ba tun yau ba nake lura. Ina numfashi kina zaune. Ina leɓe kina zaune. Da na zo kan doguwar busa sai in gan ki a tsugune da ƙwarya." Ya kwantar da tuba a cinya ya harɗe hannuwa a kanta. "Yau ba busa sai an yi bayani."

"Kada Allah ya sa ka busa."

"To shi ke nan. Bari in mayar da ita jaka."

Ya kama zif ɗin jakar da gaske. Jummare ta yi saurin auna abin a ranta, ta ga gara ta sadaukar da ƙaramin sirrin ta tsira da babban. Wa ya sani ma, ƙila shi ne igiyar da take nema tun ɗazu.

"Zauna, uban 'yan tsegumi. Tun da maraƙinta ya mutu ta hana ni nono. Ba abin da ban yi ba. Ran da ka ja wannan gurnanin naka na ƙasa, sai ta saki. Shi ke nan, ka ji. Sai ka je ka buga a rediyo."

Adnan ya buɗe baki. Sai kuma ya ƙyalƙyale da dariya har tuba na rawa a cinyarsa.

"La ilaha! Wato duk kindirmon da kike kaiwa bakin jami'a ana yabo, gumina ne? Wato ni ne maraƙin?"

"Da ma kama ta nuna. Tana jin muryarka ta ce ga ɗan'uwan marigayi."

"Kai, kai, kai! Kina zagina da baki, kina tatsa da busata! Sai an rubuta sunana a jikin ƙwaryar nan. Oga Linus bai san wanda yake da shi ba. Wasu su busa a yi rawa, ni in busa a sha fura."

"Ka gama?"

"Ban fara ba. Sai na gaya wa duk 'yan Taminus."

"Ka gaya musu saniya ce kaɗai ta gane kiɗanka a duk Filato." Ta gyara tsugunonta, ta sassauta murya kamar mai wa'azi. "To ka dai ji dalili. Ba don ni ba, ni ko a jikina. Don baiwar Allah nan ne. In ka daina zuwa nononta ya ƙafe, alhakinta a wuyanka."

Ta ji daɗin yadda maganar ta zauna. A ranta har ta fara cewa an gama.

"Haba, wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji Adnan. "Kin manta sana'ata?" Ya jingine tuba, ya zaro waya daga aljihu, ya laluba jaka ya ciro wata 'yar sipika baƙa. "Oga Linus na sa mu ɗauki busarmu a waya mu riƙa sauraren kurakuranmu. Ga doguwar busar nan, tun daga sama har ƙasa. In tura miki a taki wayar, in bar miki sipikar. Da safe ki danna nan kawai. Nono ya zo, ba sai kin ga munina ba."

Jummare ta ji ta ɗaure kanta da igiyar da ta murza da hannunta. Wannan karon tsoro ne sosai ya kama ta, tsoron safiyar gobe, ita da saniya da wani baƙin akwati mai magana.

"Saniyata ba ta jin waya," ta ce. "Bafulatana ce ta asali."

"Bafulatanin da ba shi da waya yanzu, nuna mini shi."

"Ta san ƙarya in ta ji."

"Da ta sani da ba ta zauna da ke ba. Gyara ƙwarya mu gani."

Ya kifa turmi kusa da turke, ya ɗora sipikar, ya danna. Sautin ya fito a hankali, mai kauri, ya miƙe ya daɗe bai karye ba, sannan ya sauka ƙasa da haka ya sake miƙewa. Jummare ta kafe Kyalla da ido tana roƙonta a zuci, ke dai yau ɗaya ki rufa mini asiri.

Ina! Kyalla ta miƙe kunnuwa, ta saki kukanta na kullum, ta ɗan buɗe ƙafa. Jummare ta ji nonon ya cika ya yi tauri a cikin yatsunta. Shekara da shekaru tana ci da dabbar nan, ashe ba ta bambanta mutum da akwati.

Sai ta sassauta yatsun. Ta riƙa shafa su sama da ƙasa kamar mai tatsa, ba ta matsawa.

"Ka gani? Ko ɗigo."

"Ƙara matsawa dai."

"Kai za ka koya mini tatsa? Ina tatsa tun uwarka ba ta san hanyar rafi ba. Babu, na ce maka. Ta ƙi."

Amma nonon da ya riga ya sauko ba ya jin umarni. Na can gefe, wanda ba ta riƙe ba, ya fara ɗiga da kansa, fari tas a kan jar ƙasa, dab da ƙafarta. Jummare ta miƙa babban yatsan ƙafa a hankali ta turo ƙasa ta rufe. Wani ya ɗiga, ta sake rufewa.

Ba ta ji tahowarsa ba, sai inuwarsa ta gani a kan ƙwarya. Ya zagayo ta bayanta yana leƙe. Ta san ya ga ɗigon, ta san ya ga yatsan. Ta ji ya ja numfashi, irin wanda yake ja in zai saki babbar dariya, ta sunkuyar da kai tana jira. Ta san duk abin da ya faɗa ta cancanta. Kunya ta rufe ta har ta ji zafi a kunnuwa.

Dariyar ba ta zo ba. Can sai ya juya ya koma wajen turmi, ya kashe sipikar, ya ɗaga ta ya jijjiga a kunne, ya ɗan buga ta a tafin hannu.

"Mtsw. Jabu ce," in ji shi. "Ba ta da nauyin sauti ko kaɗan. Ni ma da ni saniya ne ba zan saki nono a kan wannan ba."

Jummare ta ɗago kai. "Da ma me ka taɓa gyarawa ya gyaru?"

"Ki bar ni da kayan zamani, duk ƙarya ne." Ya jefa sipikar cikin jaka, ya zauna a benci, ya rungumo tuba. "Ga shi kin sa leɓena ya huce da surutunki. In ta fito a karkace, ke kika jawo."

Ya ɗan kaɗa leɓe, ya ɗora, ya ja numfashi. Busar ta fito a miƙe, ta cika gidan har langa-langar rumfa na amsawa. Jummare ta matsa yatsu, nono ya tsinke cikin ƙwarya, tsirr, tsirr, kumfa na tasowa. Ya bi sautukan yana sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya riƙe shi sai da numfashi ya kusa ƙarewa. Daga nan ya shiga hawa da sauka da leɓe kaɗai ba tare da taɓa maɓalli ba, ya rufe da 'yan gajeru na harshe, tu, tu, tu. Kafin ya gama ƙwarya ta cika, Jummare kuma ta sami lokacin goge ido da gefen mayafi ba wanda ya gani, ko kuma wanda ya gani ya yi kamar bai gani ba.

Ta kwance ƙafafun Kyalla, ta miƙe tana dafa ƙugu.

"Kai, maraƙi."

"Na'am, uwar garke."

"Saniyar nan ta ci amanata, na gaji da ita. Na ba ka."

Adnan ya cire baki daga tuba. "Kin ba ni me?"

"Kyalla. Kurma ne kai? Na ba ka ita halak malak, Allah shaida, akuya shaida."

"Tsohuwa, ina zan kai saniya? Taminus? In ɗaure ta a jikin teburin caji?"

"Wa ya ce ka kai ta wani wuri? Nan turkenta yake, nan za ta zauna. Ni dai na fita. In ta ci, kai. In ta yi tari, kai. In ta ƙi nono da safe, sai mai ita ya zo ya ji dalili."

Ya dube ta, ya dubi saniyar da ta koma tuƙa abinta kamar ba da ita ake ba. Sai ya kifa goshi a jikin tuba ya yi ta dariya har da buga ƙafa.

"Wallahi kin gama da ni. Mutane na ba da kyauta a ɗauka a tafi, ke kin ba da wadda ke ɗaure mutum a turke."

"In ba ka so, ka ce ba ka so a gabanta."

"Ni na isa? Na karɓa, na gode, Allah ya ƙara tsufa." Ya share hawayen dariya ya fara mayar da tuba jaka. "Ɗakin Oga Linus sai da yamma ke nan. Amma gobe ki dama fura da wuri, mai saniya ba ya busa da yunwa."

"Mai saniya ya taho da dusa," in ji Jummare, ta miƙa masa ƙwaryar da ɗuminta. "Ungo, riƙe da hannu biyu. Nonon saniyarka ne, in ka zubar kai ka yi asara."